Maganin Tarin Inji

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
inda baƙar laka ke ƙwace takalmi da damina,
nan garejin Usta Barau yake:
fallen kwano uku, darbejiya ɗaya,
da duron da ya girme ni.

Ran da aka kawo motar Ɗayyib,
ƙarti shida ne a bayanta suna haki.
Ta yi tari, ta yi shaƙuwa,
ta tofar da hayaƙi baƙi ƙirin,
sannan ta yi tsit kamar an kama ta da laifi.

Ɗayyib ya ce a sauke inji.
Usta ko kallon injin bai yi ba.
Ya tsoma kara a tanki, ya zaro, ya sansana.
"Ba tsufa ba ne.
An ba ta abin da ba cimarta ba.
Man jarka, rabi gas rabi rijiya,
ga tsatsa ta tsaya mata a maƙoshi."

Akwai na kanti, mai jar kwalba da rubutun waje,
kuɗinsa ya kusa buhun dawa,
kuma tun Rajab ba wanda ya sa shi a ido.

Muka tsiyaye tankin, muka wanke matata.
Ya ce, "Ilu, mazurari."
Kananzir ya fara shiga,
an tace shi sau biyu da tsohon rawani.
Sai jan man giya, cikin kofin shayi,
kofin da Batulu mai gahawa ke cigiya har gobe.
Sai wani abu a 'yar kwalba, mai hawa ka,
ɗigo,
ɗigo,
leɓensa na motsi kamar mai lazimi.
Ya girgiza, ya ɗaga wa rana,
ruwan ya yi launin zoɓon da aka sirka.

Mota ta sha.
Ta yi gunaguni, ta yi kaki,
ta karkaɗa jiki har madubi na rawa,
can sai muryarta ta miƙe sumul.
Ɗayyib ya sumbaci sitiyari,
ya manta da mu, sai da ya kai titi ya dawo biya.

Ni kuwa ido ya ga, kai ya kumbura.
Usta ya je jana'iza ranar wata Talata,
aka kawo tarakta mai irin wannan tarin.
Na ce in ɗigo ya warkar,
ai kwarara za ta ta da matacce.
Na tuttula.
Ta tashi, ta yi ruri, na karɓi tukuici.
Kafin la'asar tana hanyar Doka a tsaye,
kowane tiyo na zubar da hawaye,
roba ta kumbura kamar burodin da ya jiƙa.

Bai mare ni ba. Da ma ya mara.
Ya biya mai tarakta daga aljihunsa,
ya ɗora min ruɓaɓɓiyar robar a tafi.
"Magani da guba gida ɗaya suke haya,
awo ne ya raba musu ɗaki.
Kuma ba kowane inji ke shan wannan ba.
Ka tambaye shi tukuna."

Shekara tara ke nan.
Yanzu ƙirjinsa ne ke wannan tarin,
hayaƙin shekara arba'in ya yi masa gwiɓi,
kuma babu kwalba a garejin nan da ta san hanyar huhu.
Yana kwance a tabarma gindin darbejiya,
ni ke riƙe da kofin Batulu.
Bai taɓa faɗa min adadin ɗigon ba.
Ina ɗigawa, ina satar kallonsa,
in ya ɗaga yatsa, in tsaya.

Yau yatsan bai ɗagu ba,
barci ya sace shi, baki a buɗe.
Na ɗiga,
na ɗiga,
sai na ji hannuna ya tsaya da kansa.